Tambaya kan Walter Scott: da gaske bashi ne ya kashe shi?

Ɗan_Gwale:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah ina neman ƙarin haske ne wajen waɗanda suka karanci adabin Turanci. Satin da ya wuce muna gyaran ɗakin marigayi Baba (Allah ya jiƙan shi) sai muka buɗe wata adaka da ya daɗe yana ajiye takardunsa a ciki, a can ƙasa na tarar da wani tsohon littafi bangonsa ya ɓalle an ɗaure shi da zare, takardun duk sun yi ja, gara ta ci gefe guda, sunansa The Talisman, wanda ya rubuta Sir Walter Scott. Baba ya yi rubutu da fensir a gefen shafuka da yawa, kuma duk inda sunan Salahuddin ya fito sai ya ja layi a ƙasa. Abin ya taɓa ni sosai wallahi, don ban taɓa sanin yana karanta irin waɗannan ba.

Na fara karantawa, Turancin da nauyi amma ina lallaɓawa da ƙamus a waya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda Bature na wancan zamanin zai zauna ya rubuta Salahuddin Ayyubi a matsayin mutumin kirki mai alkawari, har ya fi sarakunan Turai da suka zo yaƙarsa mutunci. To wane ne wannan mutumin? Wani abokina ya ce min ɗan Sikotlan ne kuma asali mawaƙi ne ba mai rubuta labari ba, wai kuma bashi ne ya kashe shi. Gaskiya ne? Kuma in na gama wannan wanne ya kamata na nema?

Malam_Na_Adabi:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ka riƙe littafin nan da kyau ɗana, ka samu mai ɗinkin littafi ya gyara maka bangon amma kar ka bari a yanke gefen da ya yi rubutu.

Abokinka bai yi ƙarya ba sai dai ya taƙaita. An haifi Walter Scott a Edinbara ranar 15 ga Agusta 1771, babansa lauya ne, mamansa 'yar wani farfesan likitanci. Yana ɗan wata goma sha takwas shan inna ta kama shi ta taɓa masa ƙafar dama, da ɗingishi ya yi rayuwarsa har ya mutu. To wannan ciwon shi ne ya zama sanadin komai in ka duba, don iyayen sun ga birni ba zai yi masa ba sai suka kai shi ƙauye gonar kakansa da ake kira Sandyknowe, can yankin kan iyakar Sikotlan da Ingila, wurin da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana kai hare-hare ana satar shanu tsakanin dangi da dangi. Yaro ba ya iya guje-guje da sa'o'insa, sai zama gindin kaka da gwaggonsa Jenny, ita ta koya masa karatu, su kuma tsofaffi suna zuba masa labaran ɓarayin shanu da waƙoƙin yaƙi na kakanni. Abin da ya sha kenan tun yana ƙarami.

Ya girma ya yi lauya a 1792, a 1799 aka ba shi alƙalin gundumar Selkirk, daga baya kuma a 1806 ya samu muƙamin magatakarda a babbar kotun Edinbara, kuma bai bar aikin kotu don rubutu ba fa, da asuba yake tashi ya yi rubutunsa kafin a karya kumallo sannan ya tafi aiki. Lokacin hutu kuma sai ya hau doki ya shiga lunguna irin su Liddesdale yana bin makiyaya da tsofaffin mata yana rubuta waƙoƙin bakin da suka haddace, abin da ya tara ya fito a 1802 zuwa 1803 da sunan Minstrelsy of the Scottish Border. Akwai wata tsohuwa, mahaifiyar mawaƙi James Hogg, da ta faɗa masa ido da ido cewa waɗannan waƙoƙin don rerawa aka yi su ba don karantawa ba, tunda ya buga su a takarda ya ɓata su, ba za a ƙara rera su ba. Ɗanta ne ya ba da labarin. Ni duk shekara sai na faɗa wa ɗalibaina wannan maganar, don duk wanda ya taɓa zama ya rubuta tatsuniyar da kakarsa ta yi masa ya san akwai abin da ke zubewa tsakanin baki da biro.

Daga nan ya fara nasa dogayen waƙoƙin masu ɗauke da labari, The Lay of the Last Minstrel a 1805, Marmion a 1808, sai The Lady of the Lake a 1810 wadda ta sa mutane suka dinga tururuwa zuwa tafkin Katrine, inda labarin ya faru, don su ga wurin da idonsu. A 1813 har an yi masa tayin zama mawaƙin fadar Ingila ya ce a kai kasuwa. Amma a 1812 wani mawaƙin Ingila mai suna Byron ya fito da ƙarfinsa, kasuwar waƙa ta koma can, shi kuma Scott mutum ne mai gane inda iska ta dosa. Shi da kansa ya ce wata rana yana neman kayan kamun kifi a cikin wata tsohuwar durowa sai ya ci karo da farkon wani labari da ya fara shekarun baya ya watsar, ya ɗauko ya ƙarasa, shi ne Waverley, 1814. Bai sa sunansa a kai ba. Haka ya dinga sako su ɗaya bayan ɗaya ana rubuta "marubucin Waverley" kawai, sai a watan Fabrairu 1827 ya miƙe a wajen wata liyafa a Edinbara ya amsa cewa shi ne, duk da mutane da yawa sun daɗe da ganewa.

Maganar bashi kuwa ga yadda take. Ya shiga hannun jari a ɓoye a maɗaba'ar abokinsa na makaranta James Ballantyne, kuma kuɗin maɗaba'ar a sarƙe suke da na kamfanin Constable mai buga masa littattafai, wannan ya tsaya wa wancan, wancan ya tsaya wa wani a Landan. Shi kuma yana ta karɓar kuɗin littattafan da bai ma rubuta ba tukuna yana zubawa a ginin gidansa Abbotsford da sayen filaye. Da kasuwar kuɗi ta rushe a Landan ƙarshen 1825, zuwa Janairu 1826 duk suka zube tare, aka wayi gari ana binsa sama da fam dubu 100, a kuɗin wancan lokacin fa. Doka ta ba shi dama ya ce ya karye a raba abin da ya rage a yafe sauran, abokai kuma sun kawo taimako, ya ƙi duka biyun, ya ce da hannunsa na dama zai rubuta ya biya. A watan Mayu na shekarar matarsa Charlotte ta rasu. Ya sayar da gidansa na cikin birni ya koma haya, ya zauna yana rubutu kamar inji, tarihin Napoleon kaɗai mujalladi tara ne, 1827. Daga 1830 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya fara kama shi, aka kai shi Malta da Italiya ko zai samu sauƙi, bai samu ba, ya matsa a mai da shi gida, ya rasu a Abbotsford ranar 21 ga Satumba 1832 yana da shekara 61. Bai gama biya ba kafin ya mutu amma ya ci ƙarfinsa sosai, ragowar kuma kuɗin haƙƙin littattafansa ne suka share shi a 1847. To ka ga ba za a ce bashi ne ya kashe shi kai tsaye ba, amma aikin biyan ne ya cinye masa lafiya.

Ummu_Hanan:

Allah ya jiƙan Baba. Malam ya gama magana, ni abin da na gani da idona kawai zan ƙara don shekarata biyu kenan a Edinbara ina karatu. Wallahi in ka sauka a garin nan ba yadda za ka yi ka kauce wa mutumin nan. Tashar jirgin ƙasan da za ka sauka sunanta Waverley, sunan littafinsa. Kana haurowa titin Princes ga wata doguwar hasumiya baƙa ƙirin kamar an ƙona ta, tsawonta mita 61, hayaƙin gawayin zamanin da ne ya rina dutsen, a ƙarƙashinta ga mutum-mutuminsa na farin dutse yana zaune da littafi karensa Maida kwance a gefe. Matakala 287 ne zuwa sama, na hau sau ɗaya, can ƙarshe matsatsi ne sosai sai ka karkata kafaɗa, ga iska kamar za ta cire maka hijabi. Kuɗin da Bank of Scotland ke bugawa ma hotonsa ne a jiki, kuma da dalili, a 1826 ɗin nan da yake cikin masifar bashi gwamnatin Landan ta so hana bankunan Sikotlan buga ƙananan takardun kuɗi, shi ne ya rubuta wasu wasiƙu a jarida da sunan aro Malachi Malagrowther ya tayar da ƙura har aka janye.

Na je Abbotsford ma, jirgi ne daga Waverley zuwa Tweedbank kamar awa ɗaya sai ka ɗan taka. Gidan a bakin kogin Tweed yake, ya sayi wurin a 1811 lokacin gona ce kawai da ɗan gida. Ciki cike yake da takubba da sulke da bindigogi, har da kayan Rob Roy, wani shahararren ɗan tawaye na tsaunukan Sikotlan, ga littattafai dubbai. Amma ni inda na daɗe a tsaye shi ne ɗan ɗakin rubutunsa, ga teburin ga kujerar fata duk ta sha jiki, sama kuma akwai wani siririn baranda da 'yar ƙofa da ke kaiwa ɗakinsa, ta nan yake saukowa da sassafe ba tare da ya tashi kowa ba. Ina tsaye ina tuna cewa wannan gidan da ya ƙawata shi ne ya jefa shi a rami, kuma a kan wannan teburin ya zauna yana cike ramin, sai na ji duk jikina ya yi sanyi.

Shawarata ɗan'uwa in ka gama Talisman ka nemi The Heart of Midlothian, 1818. Labarin wata yarinya ce Jeanie Deans 'yar mai kiwon shanu, aka kama ƙanwarta Effie da zargin kashe jaririnta, dokar lokacin kuma ta ce mace in ta ɓoye ciki ba ta faɗa wa kowa ba kuma aka rasa jaririn to hukuncin kisa ne ko ba a ga gawa ba. Kalma ɗaya ake so Jeanie ta faɗa a kotu, ta ce ƙanwata ta gaya min tana da ciki, shikenan an sake ta. Amma ba ta gaya mata ba, kuma an rantsar da ita, sai ta ƙi yin ƙarya tana kuka uban ya faɗi sumamme. Aka yanke wa Effie hukunci, ita kuma ta ɗaura ɗan ƙunshinta ta kama hanyar Landan, mafi yawan tafiyar a ƙafa, wajen mil 400, har ta samu ganin Sarauniya Caroline matar sarkin Ingila ta roƙo wa Effie afuwa. Kuma ba ƙirƙira ce zalla ba, akwai wata mata Helen Walker da ta yi irin haka da gaske, Scott ne ma ya biya kuɗin dutsen kabarinta. Na karanta shi cikin hunturu na farko da na yi a nan ina kewar 'yan'uwana mata, ban san sau nawa na ajiye shi na share hawaye ba. Ka dai yi haƙuri da hirarrakin da ya rubuta da karin harshen Sikotlan, da farko za ka sha wuya, ka nemi bugun da ke da fassarar kalmomi a baya.

Bakatsine_77:

Malam da Anti Ummu ku yi min afuwa, ni zan ɗan saɓa. Ba na musun mutumin ya iya labari kuma maganar bashin nan abin a jinjina masa ne, amma kar ɗan'uwanmu ya ɗauki Talisman a matsayin tarihi. Scott bai taɓa taka ƙasar Falasɗinu ba, shi ma ya amsa haka a gabatarwar da ya yi wa littafin daga baya, daga karance-karance ya haɗa. Salahuddin da Richard, sarkin Ingila da ya zo yaƙarsa, ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba, ƙanin Salahuddin Al-Adil ne ke zuwa tattaunawa. Wancan wurin da kowa ke so, inda Richard ya sare sandar ƙarfe da takobinsa shi kuma Salahuddin ya raba matashin alharini da mayafi da nasa, da inda ya ɓad da kama ya zo a matsayin likita ya warkar da Richard, duk ƙirƙira ce. Kuma in ka lura da kyau akwai wuraren da ya sa Musulmi suna faɗin abubuwan da ba Musulmin da zai faɗa, ya cakuɗa addini da tatsuniyoyin aljanu da taurari. Eh ya girmama Salahuddin, na yarda, a 1825 wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma Salahuddin ɗin da ya zana na cikin kansa ne.

Na biyu, ko a ƙasarsa akwai masu jin haushinsa har gobe. A 1822 shi ya shirya zuwan Sarki George na huɗu Edinbara, ya sa kowa ya sa tufafin mutanen tsaunuka, wannan zanen mai gida-gida da maza ke ɗaurawa, har sarkin ma ya ɗaura. Alhali tufafin nan gwamnati ta taɓa haramta su bayan tawayen 1745, kuma a daidai shekarun da ake wannan biki masu filaye suna korar ainihin mutanen tsaunukan daga gonakinsu a wurare irin su Sutherland ana zuba tumaki, wasu ana ƙona musu rufin ɗaki, suna hawa jirgin ruwa zuwa Kanada. Wato an ɗauki rigarsu ana ado da ita, su kuma an kore su. Wannan abin yana ci min rai duk lokacin da na tuna. Ga shi ɗan ra'ayin riƙau ne, ya yi adawa da gyaran dokar zaɓe har aka yi masa ihu a garin Jedburgh a 1831. Marubucin Amurka Mark Twain ma a 1883 ya zarge shi da cewa littattafansa ne suka cusa wa masu bayi na kudancin Amurka girman kan jarumtaka na ƙarya, duk da ni ina ganin ya yi zafi da yawa a nan.

Malam_Na_Adabi:

Bakatsine ba ka faɗi ƙarya ba ko ɗaya, kuma na ji daɗi da ka kawo maganar 1822. Abu ɗaya kawai zan ce. Ka koma littafin Waverley ka ga yadda ya ƙare, jarumin Baturen Ingila ne da ya tsinci kansa cikin mutanen tsaunuka 'yan tawayen 1745, ya ci abincinsu ya ga mutuncinsu, sannan aka ci su da yaƙi aka kai shugabansu Fergus kotu a Carlisle. Wani talakansa Evan Dhu ya miƙe ya ce a saki shugaban shi zai kawo mutum shida daga danginsu a kashe a madadinsa, shi ne na farko, 'yan kotu suka fashe da dariya, ya juyo ya ba su amsar da ta sa kowa ya yi tsit. Scott yana goyon bayan haɗewar Sikotlan da Ingila, bai ɓoye ba, amma bai taɓa barin mai karatu ya raina wanda aka ci da yaƙi ba. Abin da ya yi wa mutanen tsaunuka shi ya yi wa Rebecca Bayahudiya a littafinsa Ivanhoe, shi ya yi wa Salahuddin. Ina zaton abin da Baban ɗan Gwale ya gani kenan yake jan layi. Kuma irin wannan rubutun, a saka ƙaramin mutum a tsakiyar babban rikicin tarihi a nuna ɓangare biyu, daga wajensa manyan marubutan Faransa da Rasha irin su Balzac da Pushkin da Tolstoy suka ɗauka. Wani abin kuma, Frederick Douglass da ya gudo daga bauta a Amurka, sunan Douglass ɗin daga The Lady of the Lake aka ciro masa, ka ga ba masu bayi kaɗai suka karanta shi ba.

Nupawa_Boy:

Ni ba ɗan adabi ba ne, tarihi na karanta, amma bari na jefo wani abu da zai ba ku mamaki. Mungo Park da muka haddace a firamare, ɗan gundumar Selkirk ne, inda Scott ke alƙalanci, kuma abokai ne. A 1804 bayan ya dawo daga tafiyarsa ta farko, Scott ya je nemansa bai same shi a gida ba, sai ya hango shi shi kaɗai a bakin kogin Yarrow yana jefa duwatsu cikin ruwa yana kallon kumfa, ya tambaye shi, Park ya ce haka yake gane zurfin kogi a Afirka kafin ya tsallaka, daga lokacin da kumfar ke ɗauka kafin ta taso. Nan Scott ya gane mutumin nan zai koma. Ranar da za su rabu Scott ya raka shi a kan doki har kan wani tudu, dokin Park ya yi tuntuɓe, Scott ya ce wannan ba alama mai kyau ba ce, Park ya ce camfi mai kula shi yake bi, ya juya ya tafi. Surukin Scott, Lockhart, shi ya rubuta wannan a tarihin rayuwarsa. Park ya koma a 1805, a 1806 ya mutu a Bussa cikin kogin Kwara, tsohuwar Bussa ɗin da ruwan dam ɗin Kainji ya shanye yanzu. Mu da muka taso a gefen nan ana nuna mana wajen daga cikin kwalekwale.

Ɗan_Gwale:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara ilimi. Malam na kai littafin wajen mai ɗinki a bakin kasuwa yau da safe, na tsaya a kansa har ya gama don kar ya taɓa gefen. Yaya Bakatsine na ji gargaɗinka, zan karanta shi a matsayin labari, kuma zan nemi tarihin Salahuddin na gaskiya daban. Da na koma adakar jiya da daddare na sake tono wani a ƙarƙashin takardun fansho, Ivanhoe ne, ƙaramin bugu na 'yan makaranta, Baba ya rubuta sunansa da ajinsu a shafin farko da irin rubutun nan nasu mai kwanciya. Na nuna wa Hajiya ta riƙe shi ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ai lokacin da suna amarya da ango yakan karanta da fitilar ƙwai ya dinga fassara mata da Hausa, ta ma tuna da Rebecca, ta ce ita ce yarinyar da aka so a ƙona. Anti Ummu dan Allah in akwai bugun Heart of Midlothian mai sauƙin Turanci ki faɗa min sunan kamfanin da ya buga, akwai mai zuwa Legas cikin satin nan sai na ba shi saƙo.